DAGA ƘIYAMA ZUWA ƘIYAMA: DARASI A KAN ASALI DA GABA A SHA'ANIN AURE

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani fim ne na ƙasar Indiya. Wataƙila wani ya ce me ya haɗa mujallar addini da fim. Amsa ita ce, abin da ya shiga ɗakunan iyalanmu ya zauna, bai kamata malamai su yi kamar ba su gan shi ba. Fina-finan Indiya sun fara shigowa ƙasar Hausa tun wajen shekarun 1950 da 1960, ta hannun Kwarori masu gidajen silima. Daga silima suka koma kaset ɗin bidiyo, daga nan faifai, yau kuwa ga su cikin wayar salula, har an fassara su da Hausa. A Birni da Zango da Sabon Gari za ka sami yaron da ba zai iya kawo maka sunayen sahabbai goma da aka yi wa bushara da Aljanna ba, amma ya jero maka ƴan wasan Indiya ashirin bai numfasa ba.

Ba kiran jama'a muke yi zuwa ga kallo ba. A cikin waɗannan fina-finai akwai raye-raye, da bayyana tsiraici, da bautar gumaka, kuma hukuncin waɗannan abubuwa sananne ne. Amma Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Idan ka ga samari da ƴanmata suna zubar da hawaye a kan labarin mutanen da ba su haɗa harshe ko addini da su ba, to, akwai abin da suka gani a ciki mai kama da na gidajensu. Wannan abin shi muke so mu ɗora bisa ma'aunin Shari'a.

LABARIN A TAƘAICE

Sunan fim ɗin Qayamat Se Qayamat Tak. Ya fito a shekarar 1988. Nasir Hussain ne ya rubuta labarin kuma ya ɗauki nauyin aikin, ɗansa Mansoor Khan ya ba da umurni, Aamir Khan da Juhi Chawla suka fito a matsayin saurayi da budurwa. Ɗalibin Larabci zai gane kalmar farko ta sunan nan take, domin ita ce alƙiyama, ta shiga harsunan Indiya kamar yadda ta shiga Hausa. Ma'anar sunan ke nan: daga ƙiyama zuwa ƙiyama, wato daga wata babbar masifa zuwa wata.

Gidaje biyu ne a wani ƙauye, dukansu masu laƙabin Thakur, amma ɗaya ya fi ɗaya dukiya da faɗa-a-ji. Ɗan gidan masu hali, mai suna Ratan, ya yaudari Madhumati, ƙanwar mutanen ɗaya gidan, har ta sami ciki. Da yayanta ya je neman a rufa asiri, sai aka musanta maganar, aka wulaƙanta shi, domin a tsare martabar babban gida. Madhumati ta kashe kanta. Ɗaya yayan nata, Dhanraj, ya je ya kashe Ratan a ranar bikin aurensa da wata, aka ɗaure shi a kurkuku shekaru masu yawa. Daga nan gaba ta ƙullu.

Bayan yara sun girma, sai Raj, ɗan Dhanraj, ya haɗu da Rashmi, ɗiyar Randhir, ɗan'uwan Ratan ɗin da aka kashe. Suka so juna. Iyaye suka ƙi, aka shirya aurar da yarinyar ga wani, su kuwa suka gudu suka ɓuya a wani kango. Uban yarinyar ya yi hayar ɗan ta'adda ya kashe Raj, amma harsashi ya sami ɗiyarsa. Raj ya soke kansa da wuƙa ya mutu kusa da ita. Rayuka huɗu ke nan daga gidajen biyu, ban da cikin da ke jikin Madhumati.

Kada a ce wannan ciwo na Indiyawa ne kaɗai. A shekarar 1991 Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da littafinsa In Da So Da Ƙauna a Kano, labarin ɗiyar attajiri da ɗan talaka, kuma karɓuwar da ya samu ta nuna cewa ƙorafin yana cikin zukatan ƴaƴanmu tun da daɗewa. Idan aka duba labarin fim ɗin da idon basira, za a ga cututtuka uku, kuma dukansu daga manya suka faro.

CUTA TA FARKO: RUFE LAIFIN MAI GATA

Mutum biyu suka aikata alfasha, amma ɗaya ya tafi bikin aurensa da kiɗa, ɗaya ta tafi kabari. Abin da ya raba su shi ne gidan da kowa ya fito. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar nan ta ƙabilar Banu Makhzum wadda ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaidu (R.A.) ya nema mata sassauci saboda darajar gidansu. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi fushi, ya bayyana cewa abin da ya halaka al'ummun da suka gabata shi ne ƙyale mai daraja idan ya yi laifi, da tsayar da hukunci a kan mai rauni. A garuruwanmu ma, sau da yawa idan ɗan mai hali ya lalata ɗiyar talaka, akan rufe bakin iyayenta da kuɗi ko da barazana, a bar yarinya da abin kunya ita kaɗai. Wanda aka hana shi haƙƙinsa a gaban manya, Shaiɗan yakan raya masa ya karɓe shi da hannunsa, kamar yadda Dhanraj ya yi.

CUTA TA BIYU: BINCIKEN ASALI

Bincike kafin aure abu ne mai kyau, amma me muke bincikawa? A wasu gidaje na ƙasar Damagaram, tambayar farko ita ce ɗan wane ne, kuma mece ce sana'ar kakanninsa. Idan aka ce mahauta ne, ko wanzamai, ko maƙera, ko majema, ko maroƙa, ko aka raɗa cewa kakansa bawa ne, sai magana ta mutu, ko da yaron mahaddacin Alƙur'ani ne mai sana'ar halal. Shi kuwa ɗan babban gida, ko an san ba ya salla, sai a ce ƙuruciya ce, aure zai gyara shi.

Tarihin garinmu kansa bai goyi bayan wannan girman kai ba. Masana tarihi sun ce gidan sarautar Damagaram ya samo asali ne daga Malam Yunus, malamin da ya fito daga wajen Barno a ƙarni na 18. Sarki Sulaiman ya mai da Zinder mazaunin sarauta a farkon ƙarni na 19, Sarki Tanimun kuwa, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa. A zamaninsa garin ya zama mahaɗar ayarin fatake tsakanin Kano da Tarabulus, inda Barebari da Hausawa da Fulani da Abzinawa da Tubawa da Larabawa suka zauna tare, suka yi ciniki da auratayya. Maƙeran garin nan ne suka ƙera wa Tanimun igwa, kuma fatun da majemansa suka jeme har ƙetaren Sahara ake kai su. Sarautar ta dogara da bayi a gona da fagen fama da cikin fada, wasunsu har sun riƙe manyan muƙamai. A 1906, da Faransawa suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa, Ballama suka ɗora a kan al'amuran garin, shi kuwa bawan fada ne. Turawan mulkin mallaka sun yi dokar hana cinikin bayi a 1905, dokar Jamhuriyar Nijar ta 2003 kuma ta mai da bautar da mutum babban laifi mai hukuncin ɗauri. Bauta ta fita daga doka, amma gorin ta ya rage a bakin masu neman aure.

To, me mazhabarmu ta ce? Malaman fiƙihu suna da babi da suke kira kafa'a, wato dacewar miji da matar da yake nema, ya zama tsaranta. Amana ta ilimi ta sa mu faɗi cewa malaman Hanafiyya da Shafi'iyya suna lura da nasaba da sana'a a wannan babi. Amma mu mutanen wannan ƙasa Malikawa ne, da littattafan Malikiyya aka karantar da kakanninmu a zauruka. A cikin Mudawwana an ruwaito cewa an gaya wa Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, cewa wasu mutane sun raba auren wata Balarabiya da wani ƴantaccen bawa. Sai ya ga girman wannan aiki ƙwarai, ya nuna cewa Musulmi dukansu tsaran juna ne a aure, ya kafa hujja da aya ta 13 ta Suratul Hujurat, wadda ta bayyana cewa an sanya mu dangogi da ƙabilu ne domin mu san juna, kuma fifiko a wurin Allah da taƙawa yake.

Shehu Halilu, a cikin Mukhtasar ɗinsa da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, ya taƙaita kafa'a a kan abu biyu: addini da hali. Masu sharhi suka ce abin nufi da addini shi ne kada ya zama fasiƙi, kamar mashayin giya ko mazinaci. Abin nufi da hali kuwa shi ne kuɓuta daga aibobin da ke ba mace zaɓin raba aure, wato hauka, da kuturta, da albaras, da cutar da ke hana saduwa. Ya kuma bayyana ƙarara cewa ƴantaccen bawa, da wanda ba sharifi ba, da wanda bai kai ta matsayi ba, dukansu tsaranta ne. Saɓanin da ya ambata a kan wanda yake cikin bauta ne a lokacin auren, wannan kuwa doka ta hana shi a yau. A lura kuma, aibin da ake magana a jikin mai neman auren ne, ba a jikin ubansa ba. Saboda haka lafiyayyen yaro da ya tashi a Kara-Kara, unguwar da aka tsugunar da kutare a da, babu wani littafin fiƙihu da ya hana shi aure saboda cutar kakansa, balle ma yau kuturta tana warkewa da magani.

Aikin magabata ya fi wannan bayani fitowa fili. Manzon Allah (S.A.W.) ya aurar da Zainabu ɗiyar Jahshi, ɗiyar gwaggonsa, ga Zaidu ɗan Harisa, ƴantaccen bawa. Ya shawarci Faɗimatu ɗiyar Ƙaisu, Baƙuraishiya, ta auri Usama ɗan Zaidu, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Abu Huzaifa (R.A.) ya aurar da Hindu ɗiyar ɗan'uwansa Walidu ga Salimu, wanda shi ma ƴantacce ne, wannan yana cikin Buhari. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci Banu Bayada su ba Abu Hindin aure, su kuma nemi aure a gidansa, alhali Abu Hindin mai yin ƙaho ne, wato wanzami a harshenmu. Annabi Dawuda (A.S.) ƙarfe yake sarrafawa yana yin sulke, Annabi Zakariyya (A.S.) kafinta ne. An shayar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (S.A.W.), a gidan Abu Saifin maƙeri. Ita kanta Nana Zainabu ɗiyar Jahshi, bayan ta zama uwar muminai, an ruwaito tana jima da ɗinkin fata da hannunta tana sadaka da abin da ta samu. Ya kai mai ƙin ba majemi ɗiyarka, da wace fuska za ka karanta wannan tarihi?

Tirmizi ya ruwaito gargaɗin Manzon Allah (S.A.W.) cewa idan wanda aka yarda da addininsa da halinsa ya zo neman aure a ba shi, idan ba a yi haka ba fitina da ɓarna mai faɗi za su auku a bayan ƙasa. Ƴanmatan da suka daɗe a gida saboda an kori masu sonsu, da cikin shege, da jariran da ake yarwa, suna daga cikin wannan ɓarna da aka yi mana gargaɗi a kanta.

CUTA TA UKU: GADON GABA

Raj da Rashmi ba su da hannu a cikin abin da ya faru tsakanin iyayensu, amma su aka sa suka biya. Alƙur'ani ya maimaita a wurare biyar, a surorin An'am da Isra'i da Faɗir da Zumar da Najmi, cewa babu ran da zai ɗauki nauyin zunubin wani. Larabawan Jahiliyya sun san ɗacin gadon gaba. Ƙabilun Bakru da Taglibu sun yi kimanin shekara 40 suna yaƙin Basusu a kan taguwa ɗaya. Ausu da Khazraju sun kashe manyan junansu a yaƙin Bu'asu, kimanin shekara 5 kafin Hijira, har Musulunci ya zo ya haɗa zukatansu, kamar yadda aya ta 103 ta Suratu Ali Imrana ta tunatar da su. A hajjin ban-kwana Manzon Allah (S.A.W.) ya soke duk wani jinin Jahiliyya da ake bi, kuma da jinin gidansu ya fara, wato jinin ɗan Rabi'atu ɗan Harisu.

A wurinmu gaba takan taso ne daga rabon gado, ko iyakar gona, ko neman sarautar gari, ko siyasa, ko kishi tsakanin ɗakuna. Za ka ga ƴan'uwa uba ɗaya sun yi shekara ashirin ba sa gaisawa, an hana yara shiga gidan baffansu, har a yi wasiyya cewa kada wane ya zo jana'iza. Idan abin ya haura daga gida zuwa ƙabila, mun ga ƙarshensa a Toda, cikin jihar Maraɗi, a watan Oktoba na 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan sama da mutum 100, yawancinsu mata da yara waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Shari'a ba ta halatta wa Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba. Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa bayi a ranakun Litinin da Alhamis, ban da mutum biyu da ke gaba da juna, su akan jinkirta musu har sai sun shirya. Kakanninmu ma sun bar mana hanyoyin kashe wuta, kamar wasan taubasai tsakanin Barebari da Fulani, da sulhun dattawa a zaure. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙadangaren da ke shiga gidan da ya rabu, kan yara yake fara faɗawa.

INDA FIM ƊIN YA ƁATAR DA MASU KALLO

Ya ku samari da ƴanmata, fim ɗin ya gano cuta, amma maganin da ya nuna guba ne. Ya ƙawata gudu daga gida, ya ƙawata kisan kai da kiɗa mai taushi, har mai kallo ya ɗauka cewa wannan shi ne cikar soyayya. A mazhabarmu babu aure sai da waliyyi da sadaki da shaidu biyu adilai, saboda haka zaman da aka yi a kango ba aure ba ne. Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana mutum kashe kansa, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya kashe kansa da ƙarfe, da wannan ƙarfen za a yi masa azaba. Ɗan wasan da ya faɗi ya mutu, da an kashe na'urar ɗaukar hoto zai tashi ya karɓi ladansa. Yarinyar da ta sha guba ko ta faɗa rijiya tana kwaikwayonsa, ita ba za ta tashi ba sai ranar ƙiyama ta gaskiya.

Musulunci bai ƙi soyayya ba. Ibnu Majah ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa babu abin da ya dace da masoya biyu kamar aure. Kuma Shari'a ta buɗe ƙofa ga wadda aka zalunta. Aya ta 232 ta Suratul Baƙara ta sauka ne a kan Ma'aƙilu ɗan Yasar (R.A.), lokacin da ya rantse ba zai mayar da ƙanwarsa ga tsohon mijinta ba alhali suna son juna, aka hana shi, ya yi kaffarar rantsuwarsa ya aurar da ita. Khansa'u ɗiyar Khizamu, bazawara, ubanta ya aurar da ita ba da sonta ba, Manzon Allah (S.A.W.) ya warware auren. Malamanmu sun ce idan waliyyin da ba uba ba ya ƙi aurar da mace ga tsaranta da ta zaɓa, alƙali zai umurce shi, idan ya ƙi sai alƙali ya aurar da ita. Uba kuwa game da ɗiyarsa budurwa, an ba shi ƙarin haƙƙi saboda ana kyautata zaton tausayinsa, ba a ƙwace walicci daga hannunsa don ya mayar da mai nema ɗaya ko biyu, sai idan ta tabbata cewa cutar da ita yake yi. Idan ta tabbata, shi ma alƙali yana shiga tsakani.

Saboda haka hanya a bayyane take. A fara da haƙuri da ladabi ga iyaye, a sa baffanni da kawunnai da gwaggwanni su yi magana. Idan bai yiwu ba, a je wurin limamin unguwa da mai unguwa. Idan ya gagara, ga fadar Sarki da alƙalinta, waɗanda dokar ƙasa ta ba ikon yin sulhu a irin waɗannan al'amura, sannan ga kotu. Kuma yaro ya sani, wani lokaci iyaye suna da gaskiya, domin so hana ganin laifi ne, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

KAMMALAWA

Ya ku iyaye, idan aka zo neman ɗiyarku, ku tambayi sallarsa, da gaskiyarsa, da inda yake samun abincinsa, da yadda yake riƙe mahaifiyarsa, da lafiyarsa. Idan za ku ƙi shi, ku tanadi dalilin da za ku iya faɗa a gaban Allah ba tare da kunya ba. Ku sauƙaƙa sadaki da kayan biki, domin mafi ƙarancin sadaki a mazhabarmu rubu'in dinari ne, kada tsada ta zama wata ganuwa tsakanin talaka da aure. Wanda yake gaba da ɗan'uwansa ya tashi ya je ya yi masa sallama tun kafin Litinin mai zuwa, kada ya bar wa ƴaƴansa wannan mugun gado. Mu kuma malamai, wajibi ne mu karantar da babin kafa'a a masallatai da makarantun Islamiyya kamar yadda yake a littafi, ko da zai ɓata wa masu ba mu sadaka rai.

Allah Ya haɗa zukatanmu a kan gaskiya, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba ƴaƴanmu abokan zama nagari, Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ne Mafi sani.